Riga Uku, Hannu Ɗaya

Jikana Colby yana da rigunan wasa uku: ja, shuɗiya, da fara mai ratsin kore. Hannun dama kuwa ɗaya Allah ya ba shi, kamar kowa. Ubansa Darrell bai taɓa ganin matsala a nan ba. Tayoyin mota yake sayarwa, ya saba in abu ya suɗe a cire a sa wani.

Sunana Orrin, ni ne kakan yaron ta wajen uwa. Shekara talatin da huɗu na yi ina koyar da tarihi da safe, da yamma ina koya wa yaran garinmu besbol, wasan da ɗaya ke jefa ƙwallo ɗaya ya doke ta da sanda. Da matata Loretta ta rasu na sayar da gidanmu, na koma ɗakin da ke saman garejin 'yata Marcy, ni da littattafaina da ciwon gwiwa. Tagar ɗakin tana kallon bayan gida. Duk abin da zan faɗa da idona na gan shi, kuma a zaune na gan shi, wanda shi ne nawa laifin.

Ni na fara koya wa Colby yana ɗan shekara shida, kamar yadda na koya wa 'ya'yan mutane. Shekarar farko babu jifa, cafka kawai, sai yaro ya daina rufe ido in ƙwallo ta taho. Sannan jifa a durƙushe kan gwiwa ɗaya, taku goma. Sannan a tsaye, taku goma sha biyar, har ya gane ƙafa da ƙugu ne ke jifa, hannu rakiya kawai yake yi. Jifa miƙaƙƙe, ba wani salo. Jifan lanƙwasa, wanda ake murɗa hannu ƙwallon ta karkace ta yaudari mai sanda, nakan ce wa yara sai ranar da suka fara aske gemu. Iyaye suna kirana Koci Kunkuru a bayan idona, na sani. Amma ban taɓa raka ɗan kowa asibiti ba.

Da Colby ya cika sha ɗaya sai hannunsa ya nuna. Ba ƙarfi kaɗai ba, har da saiti. Jera gwangwani biyar kan shinge ka ce masa na tsakiya, na tsakiyar zai kayar. Abin da ya jawo masa ke nan.

Wata ranar Asabar a watan Afrilu Darrell ya dawo da na'urar auna gudun ƙwallo, mai kama da bindiga, irin wadda 'yan sanda ke tare masu gudu da ita a kan hanya.

"Baba, sauko ka ga ikon Allah!"

Na sauko. Yaron ya jefa cikin raga, na'urar ta yi ƙara.

"Mil sittin da biyu a awa! Ɗan shekara sha ɗaya! Baba, ka san me ke nan?"

"Na sani. Lokacin abincin rana ya yi ke nan."

"Karatun jami'a kyauta ke nan. Daga can sai manyan ƙungiyoyi. Ka yi ƙoƙari, Baba, Allah ya saka, amma daga yau ni zan karɓe shi. Zamani ya wuce jifa a durƙushe."

Darrell ya yi wasa a sakandare. Shekara uku ya yi yana ɗumama benci, kuma har gobe ya yi imani kocinsu ne ya tsane shi. Ni ne kocin.

Cikin mako biyu ya koya wa yaron jifan lanƙwasa daga bidiyon waya.

"Ina gemun?" na ce.

"Wane gemu kuma, Baba?"

"Wanda zai aske."

Colby ya shafa haɓarsa yana dariya. "Tsoho, ara mini naka mana. Ai ba abin da kake yi da shi sai tara ɓurɓushin burodi."

"Tafi can, ɗan nema. Haƙoranka ma ba su gama fitowa ba."

A lokacin yana dariya. Ku riƙe wannan, don ba ta daɗe ba.

Muna da doka a wasan yara, doka mai kyau, likitoci suka sa baki aka yi ta. Yaro mai shekarun Colby ba ya wuce jifa tamanin da biyar a rana, kuma in ya yi da yawa sai ya huta kwana huɗu kafin ya sake hawa tudun jifa. Akwai ɗan ƙarfe mai maɓalli da ake riƙewa a tafin hannu, duk jifa a danna, ƙas. A ƙarshen wasa a rubuta adadin a takarda, koci ya sa hannu, uba ko uwa su sa hannu. Ba wanda ke karya wannan doka a garinmu. Mu mutane ne masu bin doka.

Abin da Darrell ya gano shi ne, kowace gasa takardarta daban, kuma takardun ba sa gaisawa. Sai ya sa yaron a ƙungiya uku. Talata ya sa ja ya yi wa ƙungiyar garinmu jifa. Alhamis ya sa shuɗiya ya yi wa wata ƙungiya a gundumar maƙwabta. Asabar ya sa mai ratsin kore ya bi ƙungiyar Koci Buck, wadda ke yawon gasa gari-gari. A kowace takarda Colby sau ɗaya yake jifa a mako, ya huta kwana shida. Takarda uku, hutun kwana goma sha takwas a mako guda. Babu yaron da ya kai shi hutu a duk jihar Indiana. Sauran ranakun kuwa, Litinin, Laraba, Juma'a, da Lahadi bayan an taso coci, jifa arba'in-arba'in a bayan gida, gaban na'ura. Wannan ba ya shiga takarda, don wai ba wasa ba ne, motsa jini ne.

Marcy ce mai riƙe ƙarfen ƙirga. Takan zauna a kujerar naɗewa da hular rana, tana dannawa da natsuwa irin ta mai addu'a. Ana tashi wasa ta murɗa shi ya koma sifili. Ita ke wanke rigunan nan uku, ta shanya su a jere, har maƙwabta su zaci 'ya'ya maza uku gare ta.

A watan Mayu na fara lura. Muna karin kumallo, Marcy ta soya fanke, sai na ga cokali mai yatsu a hannun hagu na Colby.

"Maigida, yaushe ka zama bahago?"

"Gwadawa nake, Tsoho."

"Miƙo mini madara."

Ya kai hannun dama, ya ɗaga gorar, ya cije leɓe, ya ajiye. Ya tura mini ita a kan tebur.

"Tashi tsaye. Miƙar da hannuwanka biyu."

Na hagu ya miƙe sak. Na dama ya tsaya a lanƙwashe kaɗan, kamar mai shirin gaisawa. Na danna gefen gwiwar hannun ta ciki da babban yatsa. Yaron ya zabura, hawaye suka cika masa ido, amma bai yi ƙara ba. Ubansa ya duba tukuna.

"Girma ne," in ji Darrell, bakinsa cike da fanke. "Ƙashi ne ke miƙewa. Ko ba haka ba, Gwarzo?"

"Haka ne, Baba."

"Ka ji ko? Shi da kansa ya faɗa."

"Darrell, a huta da hannun nan wata biyu, a kai shi a duba."

"Wata biyu? A tsakiyar kakar wasa? Baba, masu farautar 'yan wasa tun daga sha biyu suke fara rubuta suna yanzu. In ya zauna wata biyu, ɗan wani ne zai hau tudun nan."

Na juya wajen 'yata. Ta tashi ta buɗe firij, ta ɗauko ledar wake mai ƙanƙara, ta ɗora wa yaron a gwiwar hannu, ta ba shi ƙwayar kashe zafi guda biyu da ruwan lemo.

"Baba, don Allah kar ka tayar da hankalin gidan nan da sassafe. Ni nake ƙirgawa da hannuna. Bai taɓa wuce tamanin da biyar ba, ko sau ɗaya."

Gaskiya ta faɗa. Abin takaicin ke nan a gidanmu, ba mai ƙarya.

Ledar waken nan ta zama 'yar gida. Ta narke, a mayar da ita firij, ta daskare, a sake ɗaukowa. Ba a taɓa dafa ta ba. A watan Yuni Colby ya daina taje kansa, uwarsa ta ce samartaka ce ta fara. Ya daina ɗaukar jakar makaranta a kafaɗar dama. A coci, da aka ce a riƙe hannun juna, na ga ya zagaya ya canza wuri don kar a kama masa dama. Ya daina hawowa ɗakina ya tsokane ni. In ya dawo daga wasa sai ya kwanta a kujerar falo da wakensa, yana kallon talabijin ɗin da ba a kunna ba.

Na je wajen Wendell, kocin ƙungiyar garinmu, wanda ni na koya masa cafka yana ɗan shekara bakwai yana zubar da majina.

"Ka san yaron nan yana jifa wa ƙungiya uku?"

Ya cire hula ya sosa kai. "Koci, ni dai abin da ke takardata na sani. Talata, tamanin da biyu. Abin da uba ya yi da ɗansa ranar Alhamis, wa ya sa ni a ciki? Kuma ka san rabonmu da kofi shekara tara."

Na je wajen Koci Buck, mai tumbi da baƙin tabarau, wanda ke kiran kowane yaro "doki".

"Dattijo, dokin nan lafiyarsa lau. Kafin kowane wasa sai na tambaye shi, ya hannu? Ya ce lafiya. To me zan yi, in tsaga in duba? A zamaninmu ba a ƙirga komai, muka yi ta jifa har duhu, ga mu nan."

Ga shi nan kuwa. Da hannun hagu yake ɗaga kofin shayinsa, na dama ba ya kaiwa baki.

Ranar na koma ɗaki na yi abin da ba wanda ya yi. Na haɗa jimla. Talata tamanin da biyu, Alhamis saba'in, Asabar tamanin, bayan gida ɗari da sittin. Ɗari uku da casa'in da biyu a mako ɗaya, kusan rabi na lanƙwasa. Ni a shekaruna duka ban taɓa barin yaro irinsa ya wuce ɗari a mako ba. Na karanta tarihin yaran da aka tura ramin kwal da masaƙa shekaru ɗari da suka wuce, na koyar da shi a aji, ina girgiza kai ina cewa mutanen da ba su da imani. Aƙalla su yunwa ce ta sa su. Mu firij ɗinmu a cike yake, har da waken da ba a ci.

Na rubuta wasiƙa zuwa ga shugabannin gasa ukun, kwafi uku, na sa adadin a ciki. Da ta isa, da an dakatar da yaron, da hannun ya huta. Na sa a ambulan, na manna kan sarki.

Washegari na tarar da wata takarda mai hotuna kusa da farantina. Ta gidan tsofaffin da ke bayan asibiti ce. Tsofaffi fararen kai suna murmushi suna wasan karta.

"Wendell ya ce ka je wajensa," in ji Darrell, yana shafa wa burodi man shanu. "Ba komai, Baba. Ni matakalar nan ce ke damuna, da gwiwarka. Can kuwa ɗakunan duk a ƙasa suke. Dubawa kawai nake yi."

Marcy tana kallon cikin kofinta kamar an rubuta wani abu a ciki.

Da Loretta na da rai, da ta kifa masa farantin a ka, ta ɗauki jikanta ta sa a mota. Ita ba ta karanta ko rabin abin da na karanta ba, shi ya sa ba ta iya nemo wa tsoro dalilai. Ni kuwa na iya. Na ce in aka kore ni wa zai sa ido a kan yaron? Na ce kakar wasa ta kusa ƙarewa. Na ce bari a ga mako mai zuwa. Na sa ambulan ukun a cikin littafin da nake karantawa, tarihin wata daula da ta ruɓe daga ciki. Sun yi mini amfani ƙwarai wajen gane shafin da na tsaya.

Asabar ta biyu a watan Yuli, wasan ƙarshe na gasar Koci Buck, da rana tsaka, zafi kamar a gasa masara a kan benci. Kafin a fara na tarar da Colby bayan rumfar 'yan wasa yana haɗiyar ƙwaya uku ba ruwa.

"Maigida, ce musu ba za ka iya ba."

"Baba ya gayyato mutanen shagonsu, Tsoho. Har da maigidansa."

"Ni zan faɗa musu."

"Kar ka faɗa." Ya kalle ni da idon da ya girmi shekarunsa. "Za su kai ka gidan nan mai karta."

Ashe ya ga takardar. Ashe ni da nake cewa ina zaune don in kare shi, shi ne yake jifa don ya kare ni.

Zagaye uku na farko ya yi su da kyau, don yaron gwani ne ko da rabin hannu. A na huɗu ƙwallon ta fara tashi sama. Tsakanin jifa da jifa yana girgiza hannun kamar wanda ya taɓa tukunya mai zafi. Duk wanda ya taɓa koyar da yaro ya san wannan alama. Buck ya sani, Wendell da ke cikin 'yan kallo ya sani. Darrell yana manne da shingen waya, na'ura a hannu.

"Hamsin da shida? Gwarzo, barci kake? Lanƙwasa masa! Murɗa hannun!"

Ya murɗa. Daga inda nake zaune na ji ƙarar, ƙaramar ƙara, kamar an karya ɗanyen karas. Ƙwallon ta faɗi ƙasa taku biyar a gabansa ta gangara. Yaron ya durƙusa kan gwiwa ɗaya a kan tudun, daidai yadda na koya masa yana ɗan shekara bakwai, ya rungume hannun a ƙirji. Filin ya yi tsit. A cikin shirun nan na ji ƙas. Marcy ce. Yatsanta ya saba, ta danna.

"Sittin da ɗaya ne kawai," ta ce, ba da kowa take ba. "Sittin da ɗaya."

A asibiti wata likitar ƙashi, Dakta Pruitt, ta ɗora hoton a jikin fitila ta nuna mana da biro. A gwiwar hannun yaro akwai wurin da ƙashi bai gama haɗewa ba, guringuntsi ne ke riƙe da shi. Jijiya ta yi ta fizgar wurin har ta ɓalle guntun ƙashin gaba ɗaya. Sai an yi aiki an ɗaure shi da kusa.

"Wannan ba aikin rana ɗaya ba ne," ta ce. "Wa ke ƙirga masa jifa?"

Marcy ta buɗe jaka ta fito da takardu uku, a goge, a jere, kowacce da sa hannu.

"Ba mu taɓa karya doka ba, Likita," in ji Darrell. "Duba da kanki. Tsautsayi ne. Ni ina zargin tudun filin nan ma, bai daidaita ba."

Likitar ta ɗauki ta sama kawai ta duba, ta ɗaure fuska, alamar lissafin bai fita ba. Littafina yana hannuna, don na san asibiti wurin jira ne. Na zaro ambulan ɗaya, na yage, na miƙa mata.

"Ki haɗa ukun, ki ƙara da na bayan gida. Ɗari uku da casa'in da biyu a mako. Tun watan Afrilu."

Ta karanta. Ta dubi kwanan watan da ke saman wasiƙar, ta dube ni.

"Mako uku ke nan da ka rubuta wannan."

"Haka ne."

"Me ya hana ka aikawa?"

"Ban gama littafin ba," na ce.

Ba ta yi dariya ba, kuma ta yi daidai. Abin da ta faɗa wa Darrell bayan nan ban taɓa jin mace ta faɗa wa namiji da murya ƙasa-ƙasa haka ba. Ta ce hannun zai warke ya yi rubutu, ya ɗauki cokali, amma da wuya ya sake miƙewa sak, kuma maganar jifa a manta da ita.

A mota, da muka shiga unguwa, Darrell ya juyo ya dube ni.

"Ka tozarta ni gaban bare, Baba."

Cikin mako guda aka cike takardar gidan tsofaffi. Za su karɓe ni tsakiyar Satumba. Marcy ta hawo ɗakina tana kuka, ta ce in fahimta, aure sai da haƙuri, kuma Darrell duk don yaron yake yi, soyayya ce ta yi masa yawa. Na ce na fahimta. Matan coci suka yi ta kawo abinci a kwanuka. Wendell ya kawo ƙwallo da duk yaran suka sa wa hannu. Buck ya aiko da kati mai hoton doki. Kowa ya ce kaico, yaro mai baiwa, ƙaddara ba ta da magani.

Ƙarshen Agusta aka cire ɗaurin. Kwana uku bayan haka Darrell ya shigo da kwali ya ajiye a teburin cin abinci. Sabuwar safar cafka ce, ta fata, mai ƙamshi. Na juya ta. Irin wadda ake sawa a hannun dama ce, ta masu jifa da hagu.

"Na yi bincike," in ji shi, idonsa na ƙyalli. "Bahago ya fi daraja a wasan nan, nemansu ake ido rufe. Hannun daman ai zai iya riƙe safa. Wata huɗu yana cin abinci da hagu, ya riga ya fara sabawa. Ka ga yadda Allah ke shirya abinsa? Ranar Asabar ta sama za mu fara, Gwarzo."

Marcy ta ce, "A hankali dai, Baban Colby. Zan riƙa ƙirgawa."

Washegari da yamma, Darrell na shago, Colby ya hawo ɗakina karo na farko cikin watanni. Ya zauna kan kwalin littattafai.

"Tsoho, da gaske tafiya za ka yi?"

"In huta da ganin mummunar fuskarka, i."

Na dunƙule safar ƙafa ta zama ƙwallo, na ɗora kofi a kan taga, na ce ya gwada da hagu. Ina addu'a ya kuskure. Kofin ya faɗi. Na mayar, ya sake kayarwa. Sau biyar a jere. Saitin ba a hannu yake ba, a ido yake, kuma ido ba ya karyewa. In Darrell ya ga wannan, hannun hagu ma ba zai kai shi shekara sha uku ba.

"Kana son ka sake hawa tudun nan?"

Ya dubi tabon ɗinkin. "Ina son in riƙa barci hannun ba ya farkar da ni."

"To tashi. Zan koya maka abin da ban taɓa koya wa kowa ba. Yadda ake rashin iyawa."

Kwana goma muka yi, mataki-mataki, yadda nake koyar da komai. Ubansa wawa ne amma ba makaho ba, in yaron ya yi shirme da yawa zai gane. Darasi na farko: kar ka juya ƙugu, bar ƙafafun su mutu. Na biyu: saki ƙwallon da wuri kaɗan, kaɗan fa, ta tashi sama ta yi gefe. Na uku: in ubanka ya gyara maka, ka gyaru jifa biyu, a na uku ka koma gidan jiya. Na huɗu shi ne mai wuya, fuska. Ka nuna kana ƙoƙari, ka nuna abin ya dame ka.

"Wannan ba ƙarya ba ce, Tsoho?"

"Ƙarya ce. Ita ce ta farko da za a yi a gidan nan, kuma ita ce abu na farko da zai amfane ka."

Ya yi dariya, irin ta watan Afrilu. "Kai fa mugun tsoho ne."

"Sake. Na ga ƙugunka ya motsa, ɗan nema."

Asabar ɗin ta zo daidai da ranar tafiyata. An loda kwalayena a bayan a-kori-kurar Darrell, ina zaune a gaba ina jiran a kai ni. Amma ya ce minti goma, ba zai iya jira ba. Ya kafa raga, ya ɗaga na'ura. Marcy ta buɗe kujerarta, ta murɗa ƙarfen ya koma sifili.

Jifan farko ya haye shinge ya faɗa cikin tumatirin maƙwabta. Ƙas. Na biyu ya bugi ƙasa. Darrell ya je ya gyara masa kafaɗa. Na uku da na huɗu suka shiga raga, a sanyaye, mil talatin da ɗaya. Darrell ya fara murmushi. Na biyar ya tashi sama, ya yi gefe, ya sauka a madubin motar da ke kusa da kunnena, ya tarwatsa shi.

"Wayyo motata! Kai wane irin yaro ne? Ragar ga ta nan kamar ƙofar gareji!"

"Yi haƙuri, Baba, ina ƙoƙari." Ya sunkuyar da kai, leɓensa na rawa. Ko ni sai da na kusa yarda.

A jifa na ashirin Darrell ya sauke na'urar, ya tsaya yana kallonta kamar ita ta ci amanarsa. "Ba shi da jinin hagu," ya ce wa matarsa. "Daga wajenku ya gado wannan."

Yara sun fi ɗari bakwai da suka bi ta hannuna, wasu sun yi wasa a jami'a. Ban taɓa samun ɗalibin da ya ɗauki darasi da kyau irin wannan ba, kuma ban taɓa jin kunyar darasi irin wannan ba. Har yau ba wanda ya karya doka a garinmu. Takardun nan uku suna cikin jakar Marcy, a goge, da sa hannu, duk mai so ya je ya duba.

Da motar ta fara ja da baya, Colby ya biyo mu har bakin titi. Ya cire safar ya yar a ciyawa, ya ɗaga mini hannun dama. Iya inda ya kai ke nan, a lanƙwashe, kamar mai shirin gaisawa.